Yaron da ake aika da yaron da ke cin jarrabawa

Ranar raba katin sakamako a ƙarshen zangon farko, cikin hazon Disamba, iyaye iri biyu nake tarba a ƙofar ajina a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Akwai wanda da ya karɓi katin idonsa zai zarce ƙasan shafi, inda aka rubuta matsakaicin maki. In ya ga 12 bisa 20 ya saki fuska, in ya ga 8 ya shiga neman kunnen yaro tun ba a bar harabar makaranta ba. Akwai kuma wani, galibi dattijon da bai yi boko ba, wanda zai ninke katin ya sa a aljihun gaba, ya dube ni ya ce, "Malam, yaya hankalinsa? Yana jin magana kuwa?" Na daɗe ina amsa wa irinsa a gurguje, ina ganin ya tambayi abin da ya shafi gida, ni kuwa aikina lissafi da Faransanci. Sai da na jima da alli a hannu kafin na gane cewa tambayar dattijon nan tana da babban rabo a cikin lambar da ke ƙasan shafin.

Bahaushe ya raba abu biyu da baki. In ya ce wane yana da ƙwaƙwalwa, saurin ɗauka yake nufi: a faɗa sau ɗaya ya haddace. In ya ce wane yana da hankali, wani abu daban yake nufi. Yaro mai hankali shi ne wanda za a aika kasuwa da sefa dubu ya dawo da cefane da canji cif, wanda za a bar wa ƙanensa a tafi unguwa da kwanciyar rai, wanda ya ga tsohuwa da kaya zai karɓa ba sai an ce masa ba, wanda in ya ari abu zai mayar. Maƙwabtanmu Fulani suna da nasu sunayen, hakkiilo (hankali) da munyal (haƙuri) da semteende (kunya), kuma duk wanda ya tashi a unguwannin Garwa ko Marwa ya san da su ake auna ɗa.

Wannan halin ne masu nazarin tarbiyya suke kira ɗaukar nauyin zaman jama'a. Kathryn Wentzel, wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Maryland ta Amurka, ta tattara abin da aka bincika a kansa a shekarar 1991, ta bayyana shi da cewa kiyaye ƙa'idojin zama tare ne da cika abin da ake tsammani daga mutum a matsayin da yake. A aji, wannan na nufin jiran layi, riƙe alƙawarin aikin gida, raba abin da ke hannunka da na kusa da kai, taimakon wanda ya maƙale. Ta ce halin abin nema ne a kan kansa, sannan kuma hanya ce da ilimi ke bi ya shiga.

Mu a Afirka maganar ba baƙuwa ba ce. Robert Serpell, da ya yi shekaru yana aiki cikin al'ummar Chewa a gabashin Zambiya, ya tarar kalmarsu ta basira, nzelu, ta ƙunshi wayo da kuma cancantar a aiki yaro ya isar. Ɗan ƙasarmu marigayi Farfesa Bame Nsamenang na Bamenda ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa iyayen Afirka da aike suke gwada girman yaro: yau a aike shi maƙwabta, gobe shago, jibi wata unguwa, kowane mataki shaida ce cewa an yarda da shi. Mu ma da haka aka rene mu. Abin da ya rage shi ne a tambaya ko wannan hankalin yana da abin yi da makin lissafi.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai daga Italiya ya fito. Gian Vittorio Caprara da abokan aikinsa, cikinsu har da Albert Bandura, sun bi yara 294 a wani gari kusa da Rum, suka wallafa sakamakon a 2000. Sun auna yaran suna aji uku na firamare: wa ke taimako, wa ke rabawa, wa ke lallashin wanda ke kuka, wa ke faɗa, wa ke da maki. Ba su dogara da bakin malami kaɗai ba, sun tambayi yaran kansu da abokan ajinsu. Bayan shekara biyar suka dawo. Abin da suka gani shi ne halin taimako na aji uku ya hango ƙoƙarin karatu na aji takwas, har ma da aka sa shi a lissafi sai makin aji uku ya daina ƙara wani haske. Wato in kana son sanin wanda zai yi ƙoƙari nan da shekara biyar, ka dubi wanda ke matsa wa ɗan'uwansa wuri a benci.

Wentzel ita ma ta yi nata a 1993 da ɗalibai 423 na aji shida da bakwai. Ta cire tasirin kaifin ƙwaƙwalwa, da yanayin gidan yaro, da yawan fashin makaranta, da ko malami yana son yaron ko ba ya so. Duk da haka halin zama da mutane ya ci gaba da hango maki. Sai a 2011 Joseph Durlak da abokansa suka haɗa sakamakon shirye-shirye 213 na koyar da zamantakewa da sarrafa zuciya a makarantu, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000. A inda aka auna karatu, an ga ci gaban da ya kai maki 11 a ma'aunin ɗari: a jera yara 100 bisa ƙoƙari, na tsakiya ya tsallake kamar mutum 11. Muhimmancin wannan na ƙarshen shi ne ya nuna halin ana koyar da shi, kuma in an koyar karatu yana motsawa.

Akasarin binciken nan a Turai da Amurka aka yi shi, a azuzuwan da yara ba su da yawa kuma kowa da littafinsa. A ganina dalilan da suka sa abin ke aiki can sun fi ƙarfi a nan, kuma ga abin da idona ya gani.

Shekarar da na riƙe CE2, wato aji huɗu na firamare, yaran ajina sun haura tamanin. Benci na mutum biyu, huɗu ke zama, wani lokaci biyar, sauran a tabarma a gaba. Littafin karatu ɗaya ne a kowane benci. In littafin ya faɗa hannun yaro mai adalci, zai ajiye shi a tsakiya ya danne gefen da yatsa, ya jira na ƙarshen benci ya gama layi kafin ya juya shafi. Yara huɗu sun yi karatu ke nan. In ya faɗa hannun mai son kai, zai jawo shi ƙirjinsa, na gefe ya ja, a yage shafi, a yi kuka, ni kuma in bar allo in taho raba gardama. Minti biyar sun tafi, ba na bencin kaɗai ba, na yara tamanin. A ninka wannan sau shida a yini, a ninka da kwanakin shekara, sai a ga makonni nawa aji ke asara saboda rashin haƙurin juna. Babu abin da ya fi lokaci tsada a ajin da malami ɗaya ke gaban wannan taro, kuma halin yara ne ke tsare shi ko ya zubar da shi.

Sai maganar harshe, wadda nake ganin ita ce gaba da komai a wurinmu. Yaro yana shiga SIL, ajin farko na firamare, da Hausa a bakinsa, ko Fulatanci, ko Kanuri, ko Larabcin Shuwa, ko Tupuri, ko Mundang, ko Gidar, a tarbe shi da Faransanci tun ranar farko. Malamin ma sau da yawa daga kudu aka turo shi, ba ya jin ko ɗaya daga cikin harsunan yaran. To, wa ke fassara? Yara ne, da raɗa. Ka ba da umarni a allo, sai ka ga kawuna sun sunkuya, wata tana gaya wa ta kusa da ita, "Cewa ya yi a ja layi ƙarƙashin aikatau." Rabin koyarwar da ake yi a ƙananan azuzuwanmu a wannan raɗar take. Kuma raɗar ba kowa take kaiwa ba. Yaron da ke ba da aron biro, wanda ya taɓa raba ƙosansa, shi ake juyowa a gaya wa. Wanda ya saba ƙwace da duka, ranar da ya maƙale kowa zai kau da kai. Mai fassarar ita ma ba ta tashi a banza ba, domin kafin ka mayar da ƙa'idar nahawu cikin Hausa sai ka fahimce ta da gaske. Ta koya sau biyu.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun kafin a rubuta shi a mujallu. Malam ba ya biya wa kowa da kansa. Wanda ya yi nisa ne ke biya wa na bayansa, kuma da biyawar nasa karatun ke zama daram. Can ne ma aka fara koya mana cewa ladabi yana gaba da karatu, kamar yadda aka ruwaito mahaifiyar Imamu Malik ta ce masa ya je wurin Rabi'a ya koyi ladabinsa kafin iliminsa.

Akwai kuma zuciyar malami, kuma gara mu malamai mu faɗi gaskiya a kanta. Mutum ne. Yaron da ke gaishe shi, ya share allo, ya kawo aikin gida a kan lokaci, shi ne wanda in ya ɗaga hannu za a kira, in ya yi kuskure a tsaya a yi masa bayani sau biyu. Wani zai ce ai ke nan makin son rai ne, malami yana saka wa ladabi da lamba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma shi ya sa nake ƙoƙarin gyara takardun jarrabawa ba tare da na duba suna ba. Amma abin ya wuce son rai, tunda Wentzel ta cire wannan a lissafinta kuma alaƙar ta tsaya. Ƙarin bayanin da yaron ya samu ilimi ne na gaske, yana cikin kansa ranar CEP, jarrabawar gama firamare, inda mai gyaran bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Na ƙarshe ba ya bukatar dogon bayani. A dubi abin da aike ya ƙunsa: ka saurara har a gama, ka riƙe abu uku a ka bisa tsari, ka wuce filin ƙwallo ba ka tsaya ba, ka dawo ka ba da lissafi. A dubi tambayar lissafi ta CM2, ajin ƙarshe na firamare: ka karanta har ƙarshe, ka riƙe lambobi, ka bi mataki-mataki, ka duba amsarka. Jijiya ɗaya ce ke aiki.

A nan ne mai hankali zai tare ni da tambaya mai nauyi. In haka ne, ai yaranmu ya kamata su fi na kowa maki. Wane yaro ne a duniya yake ɗaukar nauyin da ɗan shekara tara ke ɗauka a Kuseri ko Mokolo? Akwai ma bincike daga ƙasarmu da ke ƙarfafa tambayar. Bettina Lamm da Heidi Keller da abokan aikinsu sun gwada haƙurin yara 'yan shekara huɗu: a ajiye wa yaro abin kwaɗayi, a ce in ya jira minti goma za a ƙara masa na biyu. A cikin yaran manoman Nso na yankin Arewa maso Yamma kusan 70 cikin 100 suka jira, a cikin yaran Jamus 28 kacal. Haƙuri dai muna da shi. Amma ga shi gwamnati da kanta ta sa Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tare da Gabas, cikin yankunan da ke bukatar kulawa ta musamman a harkar ilimi, saboda mu ne a baya.

Amsa ta farko ita ce hankali ba ya maye gurbin malami da littafi. Tun 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce, amma a ƙauyuka da yawa iyaye ne ke haɗa kuɗi ta ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, su biya malaman da ake kira malaman iyaye, wasu ba su taɓa shiga makarantar horon malamai ba. A gundumomin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari na Arewa Mai Nisa rikicin Boko Haram ya rufe makarantu, ya watsa yara zuwa garuruwan da azuzuwansu dama sun cika. Yaro komai amanarsa, in babu wanda zai koya masa haruffa ba zai tsince su a hanya ba. Hankali kamar taki yake: yana ninka amfanin gonar da aka shuka.

Amsa ta biyu ta fi ɗaci, domin laifinmu ne mu malamai da iyaye. Mun ɗauki shiru mun sa masa sunan hankali. A katin sakamako akwai gurbin hali, kuma a mafi yawan lokaci wanda ke samun yabo a gurbin shi ne wanda bai dame mu ba. Yaron da ya naɗe hannu tun safe har tashi, bai yi tambaya ba, bai taimaki kowa ba, bai fahimci komai ba, shi ne "mai ladabi". Alhali abin da bincike ya gani yana ɗaga karatu aiki ne da yaro ke yi: taimako, rabawa, cika alƙawari. A binciken Italiya ma, yawan faɗa a aji uku bai hango komai game da makin aji takwas ba. Taimakon ne ya hango. Ashe rashin laifi kaɗai bai isa ba.

Shirun nan kuwa da bulala muke sayensa. Dokar tsarin ilimi ta Kamaru, mai lamba 98/004 ta 14 ga Afrilun 1998, ta haramta duka a makaranta a sashe na 35, amma kowa ya san bulala ba ta bar azuzuwa ba. Yaron da ya yi shiru don tsoro, da malami ya fita ƙofa ajin ya koma kasuwa, saboda abin da ke riƙe da shi ya fita tare da malamin. Mafi muni, tsoro yana kashe raɗar da na ambata. Yarinyar da ta juya tana fassara wa ƙawarta, ita ake rubutawa cikin masu surutu. Mun ba shugaban aji takarda da biro, aikinsa kawai rubuta sunaye don a yi duka, sai ya koyi cewa muƙami hanyar ramuwa ce da karɓar alewa a ɓoye. Wannan ma tarbiyya ce, amma ba wadda sashe na 4 na dokar nan yake nufi ba da ya ce aikin ilimi shi ne raya yaro ta fuskar tunani da jiki da ɗabi'a da zama ɗan ƙasa.

Ita ma kunya, wadda muke alfahari da ita, tana da inda take cutarwa. An koya wa yarinya kada ta ɗaga murya gaban babba, kada ta haɗa ido da namiji. Ta zo aji, malami namiji ne, kuma karatun harshe sai da buɗe baki. Ta san amsa, ta sunkuyar da kai. Ba na cewa a cire wa 'ya'yanmu kunya. Cewa nake a gaya musu a gida, da bakin uba, cewa tambayar malami ba rashin kunya ba ce, kamar yadda ba a jin kunyar tambaya a sha'anin addini.

Wani lokaci kuma kibiyar ta baya take fitowa: rashin fahimta ne ke haifar da rashin ji. Na taɓa samun wani yaro a bayan aji, babba ne a cikinsu, ya maimaita aji, kullum cikin tsokana. Kowa ya sallama shi. Wata Asabar na gan shi a babbar kasuwa a rumfar mahaifinsa ta busasshen kifi. Mutum uku suna ciniki lokaci guda, yana ba kowa canji da ka, ko sefa biyar bai kuskure ba, mahaifin yana can yana alwala bai ko waiwayo ba. Yaron da muke kira mara hankali, an bar masa rumfa. A aji ne kawai babu wanda ya taɓa ba shi amanar komai, kuma Faransancin ya wuce shi tun CP, wato aji biyu. Ranar Litinin na miƙa masa kwalin alli da littafin da muke rubuta kuɗin ruwan randa, na ce, "Daga yau kai ne ma'aji. Duk Juma'a za ka karanta wa aji abin da ya shiga da abin da ya fita." Don ya karanta, dole ya koyi faɗin lambobi da Faransanci, kuma da kansa ya nemi wata yarinya a bencin gaba ta koya masa. Bai zama na ɗaya ba, nahawunsa ya ci gaba da ɗingishi, amma ya haye 10 bisa 20 ya wuce aji na gaba, tsokanar kuma ta ragu har na manta da ita.

Amsa ta uku tana cikin gida, kuma ita ce ta fi mini wuyar faɗa a taron iyaye. Nauyin da ke gina yaro, in ya yi yawa, shi ke cinye karatunsa. Makaranta tana buɗewa a Satumba, daidai lokacin da ake shirin dashen muskuwari, dawar rani, a filayen laka da ake kira karal, daga nan a shiga tsinkar auduga. A ƙauyuka benci yakan zama wayam. A gari kuwa talla ce da raino da ɗibar ruwa, kuma kusan duka a kan 'ya mace suke sauka. Abin takaicin shi ne wadda ta fi hankali ita aka fi ɗora wa. Wadda ba ta ɓatar da canji ita za a ba faranti. Amanarta ta zama dalilin da za a cire ta daga aji.

Akwai wata yarinya a CM1, wato aji biyar, da ba zan manta ba. Ita ce mai fassara a bencinta, ita ke raka ƙananan yara tsallaka titi in an tashi. Sai ta fara gyangyaɗi da hantsi, makinta ya yi ta sauka. Na je gidansu bayan la'asar, aka yi mini iso, na tsaya daga zaure mahaifiyar tana daga ciki. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, 'yarki tana barci a aji." Ta ce, "Malam, ita kaɗai gare ni mai hankali. In na ba yayanta faranti, rabin kuɗin a gidan kallon ƙwallo zai tsaya." Yarinyar tana tashi kafin asuba ta hura wuta, ta kai ƙosai tasha kafin ta sa kayan makaranta, da yamma gyaɗa har bayan isha. Ban ce a daina talla ba, don na ga abin da ke cikin tukunyar gidan, kuma malamin da ya shiga gidan talaka da wa'azin a daina talla ba za a sake yi masa iso ba. Roƙo ɗaya na yi: a bar mata tsakanin magariba da isha, a kuma mayar da tallan safe kan yayan, ko da za a yi asarar wani abu a farko. Na ce mata shi ma yaron ba zai yi hankali ba sai an ba shi abin riƙo an kuma tambaye shi lissafi.

Wannan maganar ta 'ya'ya maza tana bukatar a tsaya a kanta. A gidaje da yawa na gari, namiji ya tashi babu aikin da ke jiransa: ba gona, ba kiwo, ba rumfa. Ya ci ya fita. Sai mu yi mamaki in ya kasa zama minti talatin a kan aikin gida. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa abin tambaya ne kan abin da aka ba shi kiwo. Yaron da ba a ba shi kiwon komai ba, ko akuya ɗaya, ko cika randa, ko raka ƙanensa makaranta, a ina zai koyi amsa tambaya?

A aji kuwa abin da ke hannun malami ya fi yadda muke zato yawa, kuma ba ya cin ko sisi. Darasin tarbiyya da zama ɗan ƙasa yana cikin manhaja, amma haddar jimla a kan taimako ba ta sa yaro ya yi taimako. Ni abin da na koma yi shi ne na karɓe takardar rubuta sunaye daga hannun shugaban aji, na rarraba aikin gida-gida: kowane benci da mai kula da littafi, ana juyawa duk mako, akwai mai randa, mai alli, mai leƙa wanda ya yi fashin kwana biyu ya kai masa abin da aka rubuta. Na daina jera yara bisa maki, masu ƙoƙari a gaba marasa ƙoƙari a baya, na zaunar da mai jin Faransanci kusa da wanda suke harshe ɗaya. Bayan kowane sabon bayani ina ba da minti uku in ce kowa ya gaya wa na kusa da shi abin da ya gane, da harshen da ya ga dama. Ajin yakan yi ƙara a mintunan nan, har wani mai duba makarantu ya taɓa leƙowa ya tambaya ko lafiya. Wasu makarantun suna da abin da ake kira gwamnatin yara, da ministan tsafta da na lafiya. Tana da amfani in aikin na gaske ne, in kuwa sai ranar matasa, 11 ga Fabrairu, ake tuna da su a sa musu kaya a yi fareti, ba ta wuce ado ba.

Gurbin hali a katin sakamako ma na canza yadda nake cika shi. Maimakon kalma ɗaya, ina rubuta abin da yaron ya yi: ya riƙe littafin benci wata uku bai yage ba, ta koya wa yara biyu teburin ninkawa, ya dawo da biron da ya tsinta. Ranar rabon kati ina karanta wa uban da Hausa, sannan in nuna masa lambar da ke ƙasa, in gaya masa darasin da ke ba ɗansa wuya da wanda zai iya taimaka masa a unguwa.

Mahaifiyar yarinyar nan ta CM1 ta yarda da rabin roƙona. Ta bar mata tsakanin magariba da isha, tallan safe kuwa ta ce sai ta ga kamun ludayin yayan tukuna. Ta fara ba shi farantin ranar Asabar da Lahadi, tana ƙirga ƙosan a gabansa kafin ya fita.